Daga Garki zuwa Gyaɗi-Gyaɗi: tarihin binciken da ya tare wa yara masu sikila shanyewar jiki

Yau ba labarin sarakuna ko yaƙi za mu yi ba. Tarihin da za mu buɗe a kan Titin Zariya ya faru, a Gyaɗi-Gyaɗi cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a wurin da da yawanku kuke wucewa kullum a adaidaita: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda muka fi sani da Asibitin Malam. An kafa shi a 1988. Yawancinmu dubiya ko jinya ce take kai mu, to amma a cikin wannan asibitin an yi wani bincike a kan ƙwaƙwalwar yara masu sikila, wanda yanzu likitoci a ƙasashe da dama suke kafa hujja da shi.

Bari mu fara da abin da ake gudu. Ku ɗauki yaro ɗan shekara bakwai mai sikila. Ya saba da ciwon ƙashi, iyayensa ma sun saba da zaryar asibiti. Rannan da safe ana shirin makaranta, sai kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Uwa ta yi masa faɗa. Ya buɗe baki zai ba ta amsa, magana ta ƙi fita daidai, gefen bakin ya karkace, ƙafa ɗaya tana ja. Mu a tunaninmu shanyewar ɓarin jiki ciwon dattijo ne mai hawan jini, don haka idan ta faɗa wa yaro, abu na farko da za a ce shi ne iska ce ta taɓa shi. Alhali jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, ɗan asalin ƙasar Gana, ya jagoranta a Amurka, aka buga a 1998, ya nuna cewa kusan kashi 11 cikin 100 na masu sikilar SS suna gamuwa da wannan kafin su cika shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Kuma ƙananan yara ne suka fi shiga haɗarin. Ku haɗa wannan da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa ana haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa.

To me ya sa iyayenmu da kakanninmu ba su cika ba mu labarin irin wannan shanyewar ba? Amsar tana da ɗaci, kuma a ƙasar Kano aka samo ta.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani gagarumin aikin bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki. Lokacin Garki tana cikin jihar Kano, sai a 1991 ta koma Jigawa. Cikin waɗanda suka duba jinin mutanen yankin akwai Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A rahoton da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1979, sun tarar da cewa a cikin jarirai, kamar biyu cikin ɗari SS ne. Da suka duba waɗanda suka haura shekara tara, sai suka ga kamar mutum ɗaya ne a cikin dubu biyu. Ku yi lissafin da kanku: inda ya kamata a samu arba'in, ɗaya ya rage. Sauran ba warkewa suka yi ba. Zazzaɓi da ƙarancin jini da cututtukan ƙirji sun kwashe su tun suna goye ko suna tatata. Ni dai duk sanda na tuna wannan lissafin, sai in tuna kalmar wabi, da sunaye irin su Ajuji da Ayashe da ake sa wa yaron da yayyensa suka yi ta mutuwa. Ban ce duk wabi sikila ba ce, amma da wuya a ce babu hannunta a ciki.

Kun ga ke nan, yaron Garki na wancan zamanin bai ma kai shekarun da jijiyar kansa za ta tsuke ba. Sai da allurar rigakafi da maganin zazzaɓi da asibitocin yara irin na Hasiya Bayero suka fara raya yaran har suka shiga firamare, sannan wannan matsalar ta fito fili. An tsallake rami ɗaya, an tarar da wani a gaba.

Su can Amurka sun riga sun samo mafita. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Robert Adams, ya nuna cewa ana iya gane yaron da ke bakin haɗari tun kafin abin ya faru. Akwai wata na'ura da ake kira TCD, danginsu ɗaya da sikanin da ake yi wa masu ciki. Ana ɗora ta a gefen kai, tsakanin ido da kunne inda ƙashi ba shi da kauri, sai ta auna gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa wankin mota da tiyo ya san dabarar: ka danne bakin tiyon da babban yatsa, ruwan sai ya ƙara gudu. Haka jijiya take. Idan ta fara tsukewa, jini sai ya riƙa wucewa da gudu. Da zarar gudun ya kai santimita 200 a sakan ɗaya, yaron ya shiga sahun da kusan ɗaya cikin goma suke shanyewa a kowace shekara. Babu allura, babu yanka, yaro yana kwance idonsa biyu ake yi.

A binciken da ake kira STOP, wanda aka buga a 1998, Adams da tawagarsa sun nuna cewa idan ana yi wa irin waɗannan yaran ƙarin jini duk bayan sati uku zuwa huɗu, haɗarin yana raguwa da kashi 92 cikin 100. Sakamakon ya fito ƙarara har sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, don a ba kowa maganin.

Yawwa, to a nan gizo yake saƙa. Ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru, a Kano? Duk wanda ya taɓa jinya ya san yadda ake samun leda ɗaya: a kira ƙane, a kira abokin miji, a tashi maƙwabci da tsakar dare. Wannan sau ɗaya ke nan. Yanzu a ce sau goma sha biyu ko fiye a shekara, ga kuɗin tantance jinin, ga kuɗin mota idan daga ƙauye ake zuwa. Bayan haka ƙarin jini mai yawa yana tara sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya, sai an sha wani magani mai tsada ya fitar da shi. Saboda haka fiye da shekara goma bayan STOP, likitan Kano yana karanta amsar a mujalla amma ba shi da yadda zai yi da ita. Ko da ya samu na'urar ya gano yaron, me zai ce wa uwar? Ɗanki yana cikin haɗari, sai dai haƙuri?

A nan ne Farfesa Michael DeBaun ya shigo labarin. Likitan yara ne, baƙar fatar Amurka, a Jami'ar Vanderbilt da ke Nashbil, kuma ya shafe rayuwarsa ta aiki a kan abin da sikila take yi wa ƙwaƙwalwar yara. A jami'ar tasu akwai Farfesa Muktar Aliyu, wanda ya yi karatun likita a ABU Zariya. A ɓangaren Kano kuwa akwai Dakta Najibah Galadanci, masaniyar cututtukan jini, da likitan yara Shehu Umar Abdullahi, dukansu na Asibitin Malam da Jami'ar Bayero. Tambayar da suka ɗauka mai sauƙin faɗa ce: idan babu jini, ƙwaya za ta iya tsayawa a madadinsa?

Ƙwayar ita ce haidiroksiyuriya, a jikin kwali za ku ga an rubuta Hydroxyurea. Tsohon magani ne, da farko na wasu cututtukan daji ne. Yadda take aiki yana da ban sha'awa. Kun lura jariri mai sikila lafiyarsa ƙalau a watannin farko, sai ya doshi wata shida ciwo yake fara bayyana, galibi da kumburin hannu da ƙafa? Wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ita ta fara bayanin dalilin a 1948. Jariri yana fitowa da wani nau'in sinadarin jini na zaman ciki, wanda ba ya barin ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Yana girma wannan sinadarin yana ja da baya. Abin da haidiroksiyuriya take yi shi ne ta tunzura jiki ya ci gaba da yin wancan sinadarin na jarirai. A 1995 aka tabbatar tana rage tashin ciwo ga manya, Amurka ta amince da ita a 1998. A Ibadan ma, Farfesa IkeOluwa Lagunju ta nuna cewa tana rage gudun jinin nan da TCD take aunawa.

Sai dai akwai wani ƙulli. A ƙasashe masu kuɗi, ana ƙara wa yaro yawan maganin sannu a hankali har iyakar abin da jikinsa zai ɗauka, kuma hakan yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, saboda idan ya yi yawa yana danne ɓargo. Gwajin nan kuɗi ne. Tawagar Kano sai ta ce a gwada tsayayyen awo, miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin yaro kullum, ba hawa ba sauka. A ganina wannan shawarar ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, domin sun tsara gwajin ne daidai aljihun mutanen da za su yi amfani da shi.

Kafin mu je ga sakamako, dole mu tsaya a kan wani abu. Ba a taɓa cewa za a gwada magani a kan yaran Kano ba tare da an tuna 1996 ba. A shekarar, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 ne suka shiga, 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya samu izini, kuma sanƙarau ne ya kashe yaran. An yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tawagar da ta yi gwajin makonni kaɗan ta yi ta tafi, amma tabon ya daɗe, kuma yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003.

Gwajin farko da aka yi a Asibitin Malam, mai suna SPIN, bai fara da tambayar ko maganin yana aiki ba. Tambayoyinsa su ne: iyaye za su yarda a duba kan 'ya'yansu? Idan an ce yaro yana cikin haɗari alhali ga shi yana wasansa, za su yarda ya fara shan magani kullum? Za su riƙa dawowa duk wata? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shawo kan mutum ya sha magani saboda ciwon da bai zo ba ya fi wuya a kan ba shi maganin ciwon da yake ji. Amsar ta zo da daɗi: iyaye sun yarda, kuma sun riƙe alƙawari. Dakta Najibah ce a kan gaba a rahotannin da aka fitar a 2015 da 2017 da 2020. Yara 29 aka ɗora a kan maganin, aka bi su shekaru, shanyewar jiki a cikinsu ba ta kai ɗaya cikin ɗari a shekara ba.

Yara 29 sun yi kaɗan a gina doka a kansu, sai aka shirya babba, SPRING. Daga 2016 zuwa 2018 aka ɗebi yara 220, 'yan shekara 5 zuwa 12, duka masu gudun jinin da ya kai matakin haɗari, a Asibitin Malam da Asibitin Murtala a Kano da Asibitin Barau Dikko a Kaduna. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi miligiram 10, rabi miligiram 20, kuma iyaye da likitocin da ke duba yaran ba su san wa yake shan wanne ba. Babu rukunin da aka bari ba magani, domin bayan abin da STOP ya nuna, barin irin wannan yaron haka nan zalunci ne.

Sakamakon ya fito a mujallar The Lancet Haematology a Janairun 2022, sunan Shehu Abdullahi a farko, na DeBaun a ƙarshe. Bayan bibiya ta sama da shekara biyu, yara takwas ne suka shanye, uku a rukunin ƙaramin awo, biyar a ɗayan, bambancin da a lissafin masana bai kai a ce wani ya fi wani ba. Idan muka ɗauki wancan ma'aunin na ɗaya cikin goma a shekara, da ba a yi komai ba sai a yi tsammanin yara wajen hamsin. Wannan lissafina ne na kan yatsa, kuma kwatancen da yaran Amurka na shekarun 1990 ake yi, don haka kada a riƙe shi kamar aya. Amma tazarar da ke tsakanin takwas da hamsin ba ta ɓuya. An kuma ga cewa masu shan miligiram 20 ba su cika kwanciya a asibiti kamar ɗaya rukunin ba. Wani gwajin da ya biyo baya, wanda aka buga a 2023, ya duba yaran da suka riga suka shanye sau ɗaya, don a hana ta dawowa.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo wannan labarin. A jami'a, idan ana maganar tasirin malami, abin da ake ƙirgawa shi ne takardu nawa ya buga, mutum nawa suka ambace shi. Wannan ma'aunin yana da amfaninsa, amma ai tawagar Trovan ma ta tattara bayanai. Ni abin da nake tambaya shi ne, bayan an naɗe tabarmar bincike, me aka bari a ƙasa?

A nan an bar mutanen da suka iya aikin TCD, 'yan gida. An kafa tawagogin rigakafin shanyewar jiki a asibitocin gwamnatin jihar Kano, ba a Asibitin Malam kaɗai ba. Gwamnatocin Kano da Kaduna da Katsina sun yi alƙawarin ba yaran da aka gano suna cikin haɗari maganin kyauta, kuma akwai wanda ake haɗawa a nan Najeriya, mai sauƙin kuɗi a kan na waje. A Kaduna, Dakta Halima Bello-Manga ta ɗauki mataki na gaba, ta koya wa ma'aikatan jinya yin gwajin, tunda likitocin hoto ba su da yawa. Sannan a 2020 ƙungiyar masana cututtukan jini ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta, DeBaun ne shugaban kwamitin, aka rubuta a ciki cewa a ƙasashen da ƙarin jini na dindindin ba zai yiwu ba, a ba yaro haidiroksiyuriya aƙalla miligiram 20 a kowane kilo. Mun saba ƙa'ida ta taso daga can ta sauka a nan. Wannan karon hujja ta tashi daga Titin Zariya ta shiga littafinsu.

Kada in yi muku zaƙin baki fiye da kima. Alƙawarin gwamnati daban, magani a kan kanta daban, kuma gwamnatoci suna sauyawa. Na'urar a birni take, yaron da ke Garki a yau sai an kawo shi. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 za ta taimaka wa waɗanda ba a haifa ba, amma ba ta cewa komai a kan yaron da yake aji uku yanzu.

Akwai kuma wani sashe na aikin DeBaun da har yanzu bai iso gare mu sosai ba, kuma shi ya fi taɓa tunani da halin yaro. Ban da shanyewar da ake gani da ido, akwai wadda ake kira ta ɓoye: ƙananan jijiyoyi su toshe, wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa ya mutu, amma hannu bai saki ba, baki bai karkace ba. Kusan ɗaya cikin uku na yara masu SS suna da ita, wato ta fi ta fili yawa nesa ba kusa ba. TCD ba ta gano ta, sai hoton MRI. DeBaun ne ya jagoranci babban gwajin da aka yi a kanta, aka buga a 2014. Alamarta a aji take fitowa. Yaron da yake riƙe karatu da, yanzu a faɗa masa abu uku ya manta biyu. Hadda ta ƙi zama. Lissafin da yake yi bara ya gagare shi bana. Malamin boko ya ce daƙiƙi ne, na Islamiyya ya ce wasa ya sa a gaba, a gida a ce shagwaɓa ce saboda ana lallaɓa shi. Sai bulala ta biyo baya. Ku duba yaron da dama yana fashin makaranta saboda ciwo, idonsa ya yi ɗorawa, 'yan ajinsu sun fi shi girman jiki, wasu har suna faɗa masa a fuska cewa ba zai yi tsawon rai ba, sannan a ƙara masa da sunan daƙiƙi. Idan ya daina magana ya koma gefe, ba abin mamaki ba ne.

Waɗancan ƙa'idojin na 2020 sun ce a yi wa kowane yaro mai SS hoton MRI aƙalla sau ɗaya a farkon shekarun makaranta, a kuma riƙa bibiyar fahimtarsa da karatunsa. Hoton yana da tsada, yawancin gidaje ba za su iya ba. Bibiyar karatun kuwa ba ta buƙatar na'ura: malami ya san cewa wannan yaron yana da sikila, idan ya ga ya ja baya ya kira iyaye kafin ya ɗauki bulala, su kuma su faɗa wa likita. Shi kuwa gwajin TCD, ƙa'idarsa sau ɗaya a shekara ne, daga shekara 2 zuwa 16. Idan akwai mai SS a gidanku a wannan tsakanin, ranar da za a koma asibiti a tambayi likita ko an taɓa yi masa, kuma lamba nawa ta nuna. Maganin kuma ba na saye a kemis a fara sha ba ne, likita ne yake auna nauyin yaro ya rubuta, ya kuma faɗi ranar da za a dawo a duba jini.

Mu kwana nan.